Tseren jiragen ruwa domin taimako

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Isa, a Yamai ko a Gaya, ya ga kwalekwale. Masunta suna tura shi da doguwar sanda ko da filafili. Wasu kuma suna sa masa inji. A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani irin jirgi dabam, wanda iska ce ke tura shi.

Jirgi mai ƙyalle

A tsakiyar wannan jirgi ana kafa dogon itace ko ƙarfe. A jikinsa ake ɗaura babban ƙyalle mai ƙwari. Idan iska ta cika ƙyallen, sai jirgi ya tafi. Matuƙi yana jan igiya ko ya sassauta ta, don ƙyallen ya kama iska da kyau.

Jirgi mai ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In wurin da matuƙi ke so ya je yana wajen da iska ke fitowa, sai ya yi ta karkata, ya yi dama, ya yi hagu, har ya isa. Wannan aiki yana son koyo da haƙuri.

Masu son irin wannan tuƙi suna kafa ƙungiyoyi a bakin teku, ko tafki, ko kogi. Kowace ƙungiya tana da jiragenta da masu koyarwa. Amma jirgi yana da tsada. Yaran talakawa da yawa suna zaune kusa da ruwa, ba su taɓa shiga irinsa ba.

Mafarin tseren

Andrew Simpson mutumin Ingila ne, gwanin tuƙi. Abokansa suna ce masa Bart. Shi da abokinsa Iain Percy sun ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2008 a ƙasar Sin. A 2012 kuma suka ci ta azurfa a ƙasarsu.

Ran 9 ga Mayu 2013 yana gwajin wani babban jirgi a tekun San Faransisko, a Amurka. Jirgin ya kife, ya danne shi a cikin ruwa, ya rasu. Shekarunsa 36.

Matarsa da abokansa biyu, Iain Percy da Ben Ainslie, suka kafa gidauniya da sunansa. Nufinsu shi ne yara su sami hanyar koyon tuƙi, ko da iyayensu ba su da hali. To, gidauniya sai da kuɗi. Daga nan aka yi shawarar shirya tsere, aka sa masa suna Bart's Bash.

Ba a iya tara jiragen duniya a wuri ɗaya. Kai jirgi wata ƙasa zai cinye kuɗin da ake nema. Saboda haka aka ce kowace ƙungiya ta yi tserenta a nata ruwa, amma a rana ɗaya, da ƙa'ida ɗaya. Aka tsai da Lahadi, 21 ga Satumba 2014.

Kafin ranar tsere

Aikin yana farawa tun da sauran watanni. Kowace ƙungiya tana rubuta sunanta wajen masu shirin, ta intanet. Sa'an nan ta raba aiki tsakanin mutanenta.

Wasu suna auna hanyar tsere. A ruwa ba a iya ja layi kamar a filin ƙwallo. Sai a sa alamu masu yawo bisa ruwa, kamar goran masunta. Kowace alama ana ɗaure ta da igiya da ƙarfe mai nauyi, don kada ruwa ya tafi da ita. Jirage suna kewaya alamun nan. A tseren farko an ce hanya kada ta kasa kilomita 1, tsere kuma kada ya kasa minti 15.

Wasu suna kula da lafiyar mutane. Su ne ke duba labarin iska. Su ne ke shirya ƙananan jirage masu inji, waɗanda za su bi masu tsere don su tsamo wanda ya faɗa ruwa. Suna tabbatar da kowane yaro ya sa rigar ceto, wadda ke hana mutum nitsewa. In iska ta yi ƙarfi ƙwarai, suna da ikon su dakatar da tseren, ko da mutane sun riga sun taru. Rai ya fi tsere.

Wasu kuma suna kula da kuɗi. Masu tsere suna ba da abin da ya sawwaƙa. Suna neman gudummawa wajen dangi da maƙwabta. Wasu ƙungiyoyi suna sayar da abinci da shayi a bakin ruwa. Ma'aji yana rubuta duk abin da ya shigo. Bayan tsere ya sanar da jimla a gaban kowa. Kuɗin taimako amana ne. In mutane suka yi shakka bana, baɗi ba za su bayar ba.

Ranar tsere

Alƙalai suna zama cikin jirginsu a bakin layin tashi. Murya ba ta kai nisa a ruwa, don haka suna magana da tutoci da ƙaho. A yawancin tsere ana ba da alama saura minti 5, saura minti 4, saura minti 1, sa'an nan a tashi. Jirgin da ya ƙetare layi kafin lokaci sai ya koma ya sake.

Jirgi ba shi da birki. Shi ya sa akwai dokar ba da hanya. In jirage biyu za su haɗu, wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. Yaro ɗan shekara 10 da gwanin Olamfik duk doka ɗaya suke bi.

A wurin ƙarewa, mai agogo yana rubuta lambar kowane jirgi da lokacin da ya iso.

Wa ya ci?

Jirage ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin jirgin yara mai suna Optimist, wanda tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba. Akwai manya masu ɗaukar mutane da yawa. Ba a gwada gudun jaki da na doki haka kawai. Saboda haka kowane irin jirgi yana da lambarsa ta lissafi. Ana duba nisan da ya yi da lokacin da ya ɗauka, a gyara da wannan lamba. Ta haka ƙaramin jirgi yana iya wuce babba a sakamako.

Kowace ƙungiya ta aika da nata sakamako, kwamfuta ta haɗa su a jeri ɗaya. Yaro ya duba ya ga sunansa tare da na gwanayen duniya. Amma iskar wani wuri ba ɗaya take da ta wani ba, kuma babu lissafin da zai daidaita kome da kome. Masu tseren sun san da haka. Ba neman na ɗaya ne ya fito da su ba.

Abin da aka samu

A ranar nan mutum wajen 30 000 suka shiga ruwa, a ƙasashe fiye da 50. Littafin bajinta na Guinness ya ƙidaya jirage 9 484 a wurare 237 da suka cika dukan sharuɗɗansa. Ya ce ba a taɓa yin tseren jirage masu ƙyalle mai girman wannan cikin awa 24 ba. An tara fiye da fam 300 000, kuɗin Ingila. A shekarun da suka biyo baya an riƙa maimaita tseren cikin watan Satumba.

Tun a 2014 gidauniyar ta buɗe wurin koyon tuƙi a tsibirin Portland, a kudancin Ingila, inda Bart ya ci lambarsa ta azurfa. Yaran da ba su da jirgi suna zuwa can su koya.

Ƙungiya ɗaya ba za ta iya wannan aiki ba. Kamar gayya ne: kowa ya zo da hauyarsa, aka sa rana, gona ta nomu.

Kalmomi

ƙyallen jirgi : la voile
tseren jiragen ruwa : la régate
alama mai yawo bisa ruwa : la bouée
rigar ceto : le gilet de sauvetage

Tambayoyi

1. Mene ne ke tura jirgi mai ƙyalle?
2. Don me ba a tara jiragen a wuri ɗaya ba?
3. Faɗi ayyuka uku da ake yi kafin ranar tsere.
4. Don me ma'aji ke sanar da jimlar kuɗi a gaban kowa?
5. Lissafi: ƙungiyoyi 12 sun yi tsere. Kowace tana da jirage 25. Kowane jirgi ya ba da jika 2. Jika nawa aka tara?
6. Wane wasa makarantarku za ta iya shiryawa tare da makarantun kusa don a taimaki wasu? Wa zai riƙe kuɗin?