Motar da za ta gargaɗi 'yar'uwarta: Shekara 21 da Amurka ta yi tana jinkiri

A daminar bara, wani dare ina dawowa daga taron ƙara wa juna sani, na sha wata kwana tsakanin Funtuwa da Zariya, sai fitilata ta hasko rassan darbejiya an jejjera a kan kwalta. Na taka birki. Ban yi nisa ba sai ga tirela ta mutu a hannuna, babu ko fitila ɗaya a bayanta. Allah ne ya kiyaye, amma sanadin shi ne wani yaron mota da ban san sunansa ba.

Ganyen nan saƙo ne. Wata mota ce ta sanar da wata abin da ido bai kai gare shi ba. Irin wannan saƙo injiniyoyi suka fi shekara 25 suna neman motoci su riƙa aika wa juna da kansu, ta iska, ba tare da an jira wani ya hau bishiya ba.

Yadda abin yake, ana sanya wa kowace mota ɗan ƙaramin rediyo. Sau goma a kowace daƙiƙa sai ya yi shela: ga inda nake, ga gudun da nake yi, ga inda na dosa, ga shi na taka birki. Duk motar da ke cikin tazarar kimanin mita 300 za ta ji kai-tsaye, ba sai saƙon ya bi ta turken kamfanin waya ba. Haka kuma ana ɗaura irin rediyon a jikin danja da wuraren gyaran hanya. Danja ta faɗa wa mota saura daƙiƙa nawa ta koma ja, motar asibiti kuma ta nemi a ba ta hannu tun kafin ta iso mararraba. Kyamarar da ke jikin motocin zamani ido ce, abin da ke gabanta kawai take gani. Rediyo kuwa kunne ne, yana jiyo abin da babbar mota ta kare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka gargaɗi daga mita 300 ya ba direba kusan daƙiƙa goma. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare ya san darajarsu.

To, me ya hana abin yaɗuwa? A nan labarin Amurka yake da amfani. A 1999 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta keɓe megahaz 75 a zangon gigahaz 5.9 domin wannan aiki kaɗai. A 2010 aka kammala ƙa'idar da aka gina fasahar DSRC a kanta, wadda 'yar'uwar Wi-Fi ce. A 2012 Jami'ar Michigan ta jagoranci gwaji a garin Ann Arbor da motoci kusan 3,000. A watan Disambar 2016, gwamnatin Obama na gab da sauka, aka gabatar da daftarin dokar da za ta wajabta na'urar a sababbin ƙananan motoci. Gwamnatin da ta biyo baya ta jingine shi, a 2023 kuma aka janye shi ɗungurungum.

Kamfanoni sun ɗan taɓa. General Motors ya sanya na'urar a Cadillac CTS ƙirar 2017. Toyota ya yi alkawari a 2018 cewa zai fara sanyawa a motocinsa na Amurka daga 2021, amma shekara guda bayan nan ya dakatar da shirin. Ana cikin haka sai ga kishiya, C-V2X, wadda ta fito daga gidan fasahar wayar salula, kamfanoni irin su Qualcomm da Ford suka mara mata baya. Aikinsu ɗaya, amma ba sa jin yaren juna. A watan Nuwamban 2020 FCC ta yanke megahaz 45 ta ba masu Wi-Fi, ta bar wa motoci 30, ta kuma karkata ga sabuwar fasahar.

Masana harkar sufuri da dama sun yi tir da hukumar. Ni ban ga laifinta sosai ba. Fili ne mai tsada aka killace shekara 21, kusan babu wanda ya aza tubali a kai. A ganina cutar tana can baya. Bel ɗin kujera yana kare wanda ya ɗaura shi ko da shi kaɗai ne a duniya. Wannan rediyo kuwa, wanda ya fara sayensa ya sayi abin da ba shi da abokin magana, kamar mai wayar farko a gari. Shi ya sa mai ƙera mota ya jira gwamnati ta kafa na'urori a titi, gwamnatocin jihohi suka jira motoci su yawaita, kowa ya yi zaman jiran gawon shanu. Abin da ba ya amfanar kowa sai kowa ya mallake shi, kasuwa ba ta iya fara shi ita kaɗai. Sai hukuma ta tsayar da ƙa'ida ɗaya da rana ɗaya.

Wasu ƙasashen sun fi azama. A Japan Toyota ya fara sayar da tsarinsa na ITS Connect tun 2015. Sin ta zaɓi C-V2X ta keɓe mata zango a 2018. Turai ta tsaya a tsakiya: Volkswagen ya sanya na'urar a Golf ta takwas a 2019, a shekarar da ƙasashen Tarayyar Turai suka yi watsi da dokar da za ta fifita tsarin mai kama da Wi-Fi.

Kada mai karatu ya ɗauka maganin komai ne. Motar da ke shelar inda take ana iya bibiyar ta, shi ya sa saƙon ba ya ɗauke da suna ko lambar mota, kuma alamar shaidarsa tana sauyawa akai-akai. Mugu ma na iya aika gargaɗin ƙarya idan tsaro ya yi rauni. Babban giɓin kuwa shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, waɗanda babu rediyon a jikinsu.

Ina abin ya shafe mu? Yawancin motocinmu na hannu ne, daga Amurka da Turai, suna iso mana bayan sun shekara goma ko fiye. Na'urar da ba a sanya musu ba a 2018 ba za ta zo mana a 2030 ba. Jinkirin Washington har da mu a cikin masu biyan kuɗinsa. Don haka duk ɗan kwangilar da ya zo yana tallar titi mai magana da motoci, a fara tambayarsa motoci nawa ne za su amsa, kuma da wace wuta danjar za ta yi aiki.

Akwai dai abin da za a iya yi da araha. Hukumar NCC ta kare wannan zango kada a rabar da shi. Sa'annan a fara da tankokin mai da tireloli, tunda hukumar kiyaye haɗura ta taɓa wajabta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu. Gargaɗin motar da ta mutu a hanya ba ya buƙatar saurin walƙiya irin na birkin gaggawa, layin waya na yau da kullum ya ishe shi. Da tirelar nan tana ɗauke da na'urar da ke sanar da tsayuwarta, da wayata ta yi ƙara tun ina kilomita guda kafin kwanar.