Ƙugiyar Jan Sifirin da Kanikawan Babur na Masarautar Gumel

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babur ya daɗe da zama abin hawan da ke haɗa ƙauye da kasuwa, musamman ranar Alhamis da kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci, inda fatake ke shigowa daga ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Hanyoyin rairayi da lodi mai nauyi suna girgiza kowane sashe na babur, kuma cikin sassan da ke fara gajiya akwai sifirin, wato wayar ƙarfe da aka nannaɗe domin ta miƙe idan an ja ta, ta koma yadda take idan an saki.

A wasu babura, musamman na tsere da na shiga daji, sifirin ne ke riƙe mahaɗar salansa, saboda bututun da ke fitar da hayaƙi yana buɗewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce, kuma mahaɗar da aka ɗaure tamau da noti takan tsage. Babura irin Bajaj Boxer da Jincheng, waɗanda suka cika wannan yanki, da noti ake ɗaure salansarsu, amma suna da sifirin a abin jingine babur da sandar birki da kuma cikin gangar birki, kuma wahalar sanya su iri ɗaya ce. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana dalilin wannan wahala a 1678: ƙarfin da sifirin ke ja da shi yana ƙaruwa daidai gwargwadon miƙewarsa, don haka a ɗan taƙin ƙarshe, lokacin da bakinsa ke gab da shiga rami, a nan ya fi gardama.

Abin damuwa shi ne wasu yaran gareji da filaya ko sukuddireba suke sanya sifirin. Haƙoran filaya suna karce wayar, kuma daga wannan karcen ne tsaga ke farawa har sifirin ya karye a kan hanya, yayin da sukuddireba kan zame, sifirin ya yi tsalle zuwa fuskar yaron da ya sunkuya a kansa. Idon almajirin bakanike ya fi ƙarfin a yi ganganci da shi a kan kayan aikin da ba ya cin komai sai tsohuwar waya.

Ƙugiyar jan sifirin da ta dace da wannan aiki ba ta wuce wayar tayar babur da aka cire, a lanƙwasa bakinta, a yi mata mariƙi a gicciye da guntun rodi ko icce mai tauri, yadda yatsu huɗu za su kama ta kuma ƙarfin ja ya fito daga kafaɗa. Lanƙwasar ita ce wurin gwaninta. Idan aka karya ta da kusurwa mai kaifi, a nan za ta ɓalle, idan kuma aka buɗe ta da yawa, sifirin zai suɓuce, saboda haka ana so ta yi zagaye kaɗan, faɗinta ya ɗan ɗara kaurin wayar sifirin. Wanda ya gasa bakin a wuta domin ya lanƙwasu cikin sauƙi ya tausasa ƙarfen ke nan, kuma sai ya sake gasa shi ya yi ja, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya ɗan ɗumama shi domin kada ya yi taurin da zai sa ya fashe. Maƙeran da ke ƙera fartanya da lauje a kasuwannin yankin sun san wannan aiki tun kafin zuwan babur, kuma bakanike mai hankali gare su yake kai wayarsa.

Wajen aiki, idan sifirin yana kusa da salansa, ana bari ta huce, a maƙala gefe ɗaya na sifirin, a ja ɗaya gefen a miƙe, fuska tana kauce wa layin jan. Sifirin da aka miƙar fiye da ƙima ba ya komawa, kuma ana gane shi da tazarar da ke bayyana tsakanin naɗe-naɗensa, wanda ke nuna lokacin sauya shi ya yi.