Sayen Sabuwar Taga Ba Ya Son Gaggawa

A cikin birnin Kano, magidanta da yawa suna cire tsofaffin tagogin katako, suna sa na ƙarfe. Wani mai sayarwa yakan ce, "Alhaji, biya yau, gobe kuɗinta zai tashi." Wannan dabara ce kawai.

Mai gida ya fara kiran magini ya auna, domin taga mai nauyi tana iya tsaga bangon ƙasa. Ya taya a shago biyu ko uku a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya ba da kafin alƙalami, ciko sai an kafa taga. Ya karɓi rasit.

Dokar tarayya ta 2018 ta hana a matsa wa mai saye. Wanda aka cuta ya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. Rasit ne shaidarsa.