Daga Kafireto Zuwa Sikana: Yadda Garejin Mota Ya Sauya A Ɗanbatta

Duk wanda ya taso daga Kano zai tafi Daura ta Kazaure, sai ya ratsa Ɗanbatta. Wannan hanya, da kasuwar garin mai ci ranar Lahadi, su ne suka raya kanikanci a wurin. Motar da ke jigilar shanu da hatsi dole wata rana ta tsaya, kuma Kano nesa ce ga motar da ta ƙi tashi. A ido garejin bai canza ba: inuwar darbejiya, ƙasa ta sha baƙin mai, yara masu koyon aiki riƙe da sifana. Canjin yana cikin motocin da ake kawowa.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daga baya Kano ta samu kamfanin NTM mai harhaɗa manyan motocin Fiat. Fijo 404 da 504, da a-kori-kura mai ɗaukar kayan kasuwa, suka cika hanyoyin Arewa. Waɗannan motoci ƙarfe ne zalla. Kafireto ke gauraya mai da iska, fulogi ya ba da wuta, shi ke nan. Gogaggen bakanike kan saurari ƙarar inji, ya duba launin hayaƙi, ya faɗi ciwon. Da yake samfurin motocin kaɗan ne, wanda ya ƙware a Fijo ɗaya ya ƙware a saura. Mai son sabuwa kuwa birni yake zuwa wurin wakilin kamfani, musamman ma'aikacin da ya samu bashin mota.

Shirin SAP na 1986 ya karya wannan tsari. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano. Har yau sunan da ake kiran su ke nan, duk da cewa gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa tun farkon 2017. Dillali ya maye gurbin wakilin kamfani. Shi ba ya ba da garanti. Abin da yake da shi sanayya ce, sai la'adarsa. Gareji kuma ya cika da baƙi, Golf da Honda da Toyota, kowace da halinta, kayan gyaransu sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Waɗannan baƙi da kwamfuta suka zo. A maimakon kafireto, akwai ƙwaƙwalwar mota, wadda ke karɓar bayani daga ƙananan na'urori masu auna iska, zafin inji da hayaƙi, sannan ta yanke yawan man da za a fesa. Idan wani awo ya kauce, sai ta ajiye lamba ta kunna fitilar nan mai hoton inji. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II ga motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Shi ya sa kusan kowace irin wannan mota ke da kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai ƙaramar sikana mai suna ELM327 da ake sokawa a nan, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta karanto lambar.

A nan ake yawan asarar kuɗi, ta hanya biyu. Bakaniken da bai yarda da sikana ba sai ya shiga canki-canka: yau fulogi, gobe famfon mai, mai mota na biya. Wanda ya yarda da ita fiye da kima kuma yana ɗaukar lamba tamkar hukunci. Alhali P0171 cewa kawai take yi iska ta rinjayi mai. Tana iya zama tiyo ne ya tsage, ko datti a na'urar auna iska, ko famfo ya yi rauni. Gano wanne ne daga ciki, aikin ido da kunne ne irin na mutanen zamanin Fijo.

Akwai kuma al'adun da suka kamata a bari. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu, yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwar ta yi ta ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Haka fasa matatar hayaƙi da kanikawa ke kira indomi: P0420 za ta fito, fitila ta zauna a kunne, ranar da babbar matsala ta zo ba mai lura.

Mai sayen mota a hannun dillali shi ya fi kowa buƙatar sikanar. Ana iya goge lambobi kafin ciniki, fitila ta mutu. Amma gogewar na mayar da gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta baya, kuma ba sa kammaluwa sai an yi tafiya da ita. Idan manhaja ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, to ko dai an cire batir kwanan nan, ko an yi shara. Sai a nemi a zaga da motar, ko zuwa Kazaure ne a dawo, a sake sokawa kafin a yi maganar kuɗi.