Ɗan Da Titi Ya Zame Masa Gida: Me Ya Sa Yake Shan Abin Da Abokansa Ke Sha?

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Akwai nasihar da kowa ya iya yi wa yaro mai shaye-shaye: "Ka rabu da abokan banza." Ni ma na daɗe ina faɗar ta, har ranar da wani yaro da bai wuce shekara 16 ba, mai kwana a bakin wata tasha a Kano, ya dube ni ya ce, "To Yaya, in na rabu da su, da wa zan kwana?" Wallahi ban samu amsar ba shi ba. Tun daga nan na fara kallon lamarin da wani ido.

Kai da ke da gida, aboki ƙari ne a rayuwarka. Kun yi faɗa, ka koma ɗakinku, ga tuwon Umma na jiranka. Shi kuwa yaron da ke kwana a tasha, ko ƙarƙashin gada, ko a rumfar kasuwa bayan an tashi, abokan nan su ne komai nasa. Su ke nuna masa inda ake samun dako da wankin mota. Su ke tsare masa 'yan kuɗinsa idan barci ya kwashe shi. Idan wani babba ya zo cin zalinsa da dare, su ne za su tashi. Ranar da zazzaɓi ya kama shi, ɗaya daga cikinsu ne zai sayo masa koko.

To, a irin wannan zaman, komai rabawa ake yi, har da abin maye. Da wuya ka ga an danne sabon yaro an ɗura masa. Miƙo masa ake yi kamar yadda ake miƙo biredi, a ce "ja kaɗan, sanyin zai ragu." Idan ya ƙi sau ɗaya, sau biyu, sai a fara yi masa kallon mai kai rahoto, ko mai jin ya fi su. Wanda aka daina yarda da shi kuwa, shi kaɗai zai kwana. Saboda haka karɓar farko sau da yawa kuɗin shiga ce kawai.

Sannan abubuwan da ake sha, kowanne da aikin da aka ce yana yi. Sholisho, wato gam ɗin da ake lika takalmi ko facin taya da shi, ana shaƙarsa ne don a manta da yunwa da sanyin hunturu. Tramadol, ana sha don a jure dako tun safe har dare. Diazepam da Exol da wiwi, don a samu barci a wurin da tsoro ba ya barin mutum ya runtsa. Giyar leda kuma arha ce, ga sauƙin ɓoyewa a aljihu. Wa ke koya wa yaro duk wannan? Abokin da ya riga shi zuwa titi da wata shida.

Abin da abokin ba ya faɗa masa, don shi ma bai sani ba, shi ne sinadarin da ke cikin sholisho yana lalata ƙwaƙwalwa, kuma yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Tramadol ɗin da hukuma ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100, amma na titi har mai 225 akwai, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa shi da giya ko maganin barci na iya rage numfashi har mutum ya tafi cikin barcinsa. Ga shi jiki yana sabawa: ƙwaya ɗaya ta jiya ba ta isa yau.

Kada mu ɗauka matsalar 'yan tsiraru ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya. A wannan shekarar ce gwamnati ta haramta shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Matakin ya yi kyau, amma yaron tasha da ya rasa wannan, abokansa sun nuna masa wani. An cire kwalba, an bar yunwar da sanyin da tsoron.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne, amma zama da mai turare ma yana sa ƙamshi. Abin da na gani da idona shi ne, yaron titi ya fi jin maganar wanda ya taɓa kwana inda yake kwana ya kuma daina sha, a kan wa'azin irinmu masu takarda. Kuma idan mai gareji ko tela ya ɗauki abokai biyu ko uku tare, ya ba su abinci da wurin kwana, sun fi daɗewa a kan wanda aka cire shi kaɗai, domin shi kaɗaicin ke mayar da shi. Wanda jikinsa ya riga ya saba sosai kuwa, asibiti yake buƙata, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, don yanke wasu ƙwayoyin lokaci guda yana da haɗari. Mari da sarƙa ba magani ba ne.

Saboda haka kafin ka ce wa yaro ya bar abokansa, ka tanadi amsar tambayar da aka yi mini. Kana da shago? Kana da ƙungiyar ƙwallo a unguwa? Akwai soro a gidanku? Nan ne wurin farawa.

Ku faɗa mana abin da kuke gani a unguwanninku. Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.