MARAYUN FADAMA: WA ZAI NOME GONARSU?

A wani taron jam'iyyar gama kai da muka halarta a ƙasar Haɗeja, bayan an gama yankan shinkafa, wani dattijo ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, marayu sun yi yawa a cikinmu. Me zai hana mu rubuta wa Turawa su zo su gina mana gidan marayu?" Mutane da dama suka gyaɗa kai. Sai wata uwa daga Zumuntar Mata, wadda take riƙon 'ya'ya uku na marigayi ƙanenta, ta ce, "Baba, ni ba ɗaki na rasa ba. Abin da na rasa shi ne wanda zai nome musu gonar ubansu." Maganarta ce ta sa muka ɗauki alƙalami, gama muna gani ta faɗi gaskiyar da ya kamata kowace jam'iyya ta zauna a kanta.

RUWAN DA KE CIYAR DA MU

Kowa ya san albarkar kogin Haɗeja. Daga Ringim zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, har a dangana da Nguru, fadama tana ba da shinkafa da damina, da rani kuma alkama da albasa da tumatir da barkono, ga kifi ga ciyawar dabbobi. Amma halin kogin ya sake tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. A dā ruwa yakan zo ya koma, hanyoyinsa su bushe da rani. Da aka soma sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da yashi da laka. Saboda haka idan ruwan sama ya yi yawa, sai kogi ya rasa hanya, ya fasa jinga ya shiga gonaki da gidaje. Mun ga haka a 2012, da 2020, da kuma 2022.

Ba ruwan kaɗai ke kashe iyaye ba. Akwai gidajen ƙasa da suke rushewa, akwai kwalekwale da yake kifewa, sa'an nan bayan ruwa ya janye sai amai da gudawa da zazzaɓin sauro su biyo baya. Har wa yau akwai haɗarin hanya. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, sa'ad da motar dakon mai ta kama wuta a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Kowane magidanci da ya tafi haka, ya bar baya da bakunan da za a ciyar da gonar da ba mai nomawa.

ABIN DA AKA KOYA A WASU WURARE

Gidan marayu yana da lokacinsa. A 1909 mishan ta SUM ta buɗe gida a Rumaisha, kusa da kogin Binuwai, domin yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. Yawancin waɗannan yara ba a san garinsu ba balle danginsu, don haka ba su da wani wurin zuwa. Amma marayunmu na yau ba haka suke ba. Kusan kowannensu yana da uwa, ko kaka, ko baffa, ko inna da aka sani.

Mu dubi ƙasar Filifin, can gabas mai nisa. Su ma manoman shinkafa ne da masunta kamarmu, yawancinsu Kirista ne, ruwa kuma yana yi musu ɓarna kusan kowace shekara. Guguwar Haiyan ta Nuwamba 2013 tana bakin kowa a can, gama ta hallaka fiye da mutum 6,000, musamman a birnin Tacloban. Ekklesiyoyi da masu aikin sa kai sun kai gudunmawa daga ƙasashe da yawa. Ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka yi wa yaran da suka rabu da iyayensu shi ne rubuta sunayensu da neman danginsu, domin kada miyagu su kwashe su da sunan taimako.

Masu bincike a ƙasashe dabam dabam sun tarar cewa wajen huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su can. An kuma lura cewa baƙin da suke zuwa su yi mako biyu ko uku da yara, su shaƙu da su, sa'an nan su tafi, suna sabunta wa yaron baƙin cikin rabuwa ne, ko da yake nufinsu alheri ne. Don haka a Disamba 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ƙarfafa iyalai maimakon tara yara a gidajen marayu. Iyayenmu sun riga sun san wannan tun dā, shi ya sa suke da al'adar riƙo.

ABIN DA JAM'IYYA ZA TA IYA YI

Cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, an umarci manomi kada ya koma ya kwashe damin da ya manta a gona, sai ya bar wa baƙo da maraya da gwauruwa su yi kala. Watau tun farko rabon maraya a gona yake. Mu manoma ne, abin da muke da shi kuwa shi ne ƙarfi, da iri, da shanun huɗa, da injin ban ruwa. Ga abubuwa biyar da ba sa bukatar kuɗin waje.

1. A tsare gonar. Wannan shi ne na fari. Sau da yawa kafin a share makoki an jinginar da gonar mamaci domin biyan bashi, ko kuwa wani ɗan'uwa ya karɓa da sunan aro, shekara ta bi shekara har ta zama tasa. A fadama abin ya fi sauƙin faruwa, gama ambaliya takan shafe iyaka. Bari dattawa biyu na jam'iyya su raka dangi wurin mai unguwa ko dagaci, a zaga gonar, a rubuta iyakarta da sunayen magāda a gaban shaidu, uwar yaran ta riƙe takarda ɗaya. Idan haya mamacin yake yi, a je a roƙi mai gonar ya bar wa iyalin a kan kuɗin da aka saba.

2. A yi gayya. A sa rana uku a shekara: ta huɗa da shuka, ta noma, da ta girbi. Kada a bar gonar marayu sai kowa ya gama tasa, gama shukar da ta makara ita ce ruwa yake fara ci. Jam'iyya ta kawo nata abinci, kada a ɗora wa gwauruwa nauyin dafa wa 'yan gayya.

3. A kafa rumbun marayu. Idan membobi 40 ne, kowa ya kawo kwano biyu na gero ko shinkafa a ranar godiyar kaka, an sami kwano 80, watau wajen buhu biyu. A ajiye a kan tudu inda ruwa ba ya kai, kada a taɓa sai watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suke ƙarewa. Mutum biyu su riƙe mabuɗi, magatakarda kuma ya karanta lissafi a gaban kowa.

4. A ba da akuya. A ba gidan da ke riƙon maraya akuya mace. In ta haihu, a mayar wa jam'iyya 'yar fari domin a ba wani gida, sauran kuwa na yaron ne, domin littattafai da tufafin makaranta.

5. A riƙa ziyara. Zumunta a ƙafa take. A ba kowane gida mutum ɗaya tsayayye, wanda zai leƙa kowane mako. Ya duba: yaron yana zuwa makaranta, ko an mai da shi ɗan kiwo da korar tsuntsu yayin da 'ya'yan gida suke aji? Yana ci tare da sauran yara? Yana kwana cikin gidan sauro? An yi masa allurar rigakafi da takardar haihuwa? Idan ana ganin jini a fitsarinsa, tsargiya ce, wadda take kama yaran da ke wanka a fadama, a kai shi asibiti, tana da magani. A sa ido musamman a kan 'yan mata, domin kada a aurar da su tun ba su isa ba, ko a tura su aikatau birni don a rage baki.

GARGAƊI

Mu kaɗan ne a ƙasar Haɗeja, maƙwabtanmu Musulmi kuwa su ma addininsu ya ɗaukaka kula da maraya ƙwarai. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba sa'ad da ya shigo gari. Idan gonar marayun maƙwabcinmu tana bukatar hannu, mu je mu nome, amma ta hannun danginsu da mai unguwa, a fili, ba tare da wani sharaɗi ba. Kada a taɓa sayen bangaskiyar yaro da kwanon hatsi. Kada kuma wani ya ɗauki yaro daga danginsa, ko ya kai shi wani gari, ba da yardarsu da sanin hukuma ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin yara tun 2003, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata a 2021. Idan aka sami yaron da ba shi da kowa sam, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Baƙi masu son taimako kuwa, muna marhabin da su: su taimaka da iri, da rijiya, da horar da masu ziyara, amma renon yaro a bar wa waɗanda za su kasance tare da shi har ya girma.

A taronku na gaba, muna roƙo ku amsa tambayoyi uku. Marayu nawa ne a ƙauyenku, kuma a hannun wa suke? Wa ke noma gonar ubansu bana? Wace rana kuka sa domin gayyarsu? Ku rubuto mana abin da kuka shirya, domin sauran jam'iyyu su koya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu zuciyar tunawa da waɗanda ba su da mai riƙe musu fartanya.