Gada mai igiyoyi da ƙasar Briketeri

Yawunde birnin tuddai ne, jirgin ƙasa kuwa ba ya son hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce, layin dogo ma ƙarfe, in gangare ya yi tsanani sai santsi. Don haka duk ranar da aka tashi shimfiɗa wa birnin jirgin cikin gari, wanda ake kira tiram, dole a tsallake kwaruruka irin na kogin Mfoundi da gada. Mu mutanen unguwar Briketeri, irin gadar da za a zaɓa ita ce abin da ya shafe mu.

Gada mai igiyoyi doguwar hasumiya ce da igiyoyin ƙarfe ke saukowa daga gare ta kai tsaye su riƙe benen gadar, su miƙa nauyinsa ga hasumiyar, ita kuma ta sauke shi ƙasa. Ana gina ta gaɓa-gaɓa daga hasumiyar, dama da hagu a tare don kada ta rinjaya, ba sai an kafa dogarai a ƙarƙashi ba. Tana da nata wahalhalun: benen yana ɗan lanƙwasa, ƙarfe yana miƙewa da zafi, layin dogo kuwa bai yarda da karkata ba, sai an sa masa mahaɗai masu motsi. Igiyoyin ma suna son dubawa saboda tsatsa.

An gwada irin wannan gada an gani. A Dublin ta ƙasar Ailan, tun 2004 jirgin Luas ke bin gadar William Dargan ta saman wata mahaɗar tituna mai cunkoso. Wadda ta fi burge ni ita ce Tilikum Crossing ta Portland a Amurka, da aka buɗe a 2015 kan kogin Willamette: jirgi, bas, keke da mai tafiya a ƙasa kowa ya wuce, motar gida da motar kaya ne aka hana. Afirka ma ta san fasahar, ga gadar Lekki zuwa Ikoyi a Legas tun 2013, sai dai motoci take ɗauka.

A unguwa mai matsi kamar tamu, inda shagon tela ke jingine da teburin mai tsire, kowane ginshiƙi gidan wani ne za a rushe. Yawunde ta ɗanɗani rusau, ta san ɗacinsa. Gada mai igiyoyi tana da tsada, amma ginshiƙanta kaɗan ne, kuma ina ganin wajibi ne a sa kuɗin gidajen da za ta bari a tsaye cikin lissafi tun kafin injiniya ya ja layin farko.